Fuloraid, mai ciki, da bohol ɗin da ba wanda ya taɓa aunawa

1/ Duk sanda maganar fuloraid ta taso a nan, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce Turawa ne ke zuba guba a ruwa da makilin don su daƙushe ƙwaƙwalwar yara. Wasu su ce duk shirme ne, labarin WhatsApp. Ni ɗalibin kemistiri ne, aji uku, kuma yayata na da cikin wata shida a wani gari da yara da yawa haƙoransu suka yi ja. Dole ta sa na zauna na karanta. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Da farko dai, fuloraid ba a masana'anta aka ƙirƙiro shi ba. Yana cikin duwatsu tun asali, ruwan ƙarƙashin ƙasa ke narkar da shi a hankali. Ruwan da ya daɗe kwance a jikin dutse, musamman wanda ba shi da kalsiyam sosai, shi ya fi kwasa. Shi ya sa sau da yawa bohol mai zurfi ya fi rijiyar gargajiya fuloraid. Ba shi da ɗanɗano, ba wari, ba kala. Ruwan zai fito garau kamar hawaye, alhali a cike yake da shi.

3/ Kaɗan daga cikinsa na kare haƙori daga ruɓewa, wannan ba gardama. A 1945 birnin Grand Rapids a Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo da gangan, wasu garuruwa suka bi. A 2015 hukumomin lafiyar Amurka suka ba da shawarar miligiram 0.7 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada ruwan sha ya wuce 1.5. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma 1.5 ɗin ce.

4/ Ku riƙe lambobin nan biyu: 0.7 da 1.5. Duk rigimar a kansu take.

5/ To ina ruwan mai ciki? Fuloraid ɗin da uwa ta sha yana shiga jininta, kuma yana tsallake mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki. An auna shi a jinin cibiya, an same shi. A daidai lokacin ne kuma ake gina ƙwaƙwalwa, ƙasusuwa na haɗuwa, haƙoran nono ma tun wajen wata na huɗu suke fara ƙwari a cikin dasashi. Tambayar da masu bincike suka yi ita ce: wannan da ke tsallakawa, yana taɓa ƙwaƙwalwa ko ba ya taɓawa?

6/ Binciken da ya fara tayar da ƙura sosai ya fito a 2017, daga birnin Meziko. Can a gishiri ake zuba fuloraid, ba a ruwa ba. Bashash da abokan aikinsa suka bi uwaye da 'ya'yansu 299. Sun auna fuloraid a fitsarin uwa tana da ciki, daga baya suka yi wa yaran gwajin kaifin basira. Duk ƙarin miligiram 0.5 a litar fitsarin uwa ya zo da raguwar maki kusan 2.5 a yara masu shekara 6 zuwa 12.

7/ Sai na Kanada a 2019, wanda mujallar JAMA Pediatrics ta buga. Uwa da ɗa 512 daga birane shida. Ƙarin miligiram 1 a litar fitsarin uwa ya zo da raguwar maki kusan 4.5 a yara maza masu shekara 3 zuwa 4. A 'yan mata ba a ga wannan raguwar ba. Editan mujallar sai da ya rubuta ɗan bayani na musamman yana cewa shawarar buga binciken ba ta zo da sauƙi ba. Abu ne da ba kasafai edita ke yi ba, ya san zai sha suka. Ya kuwa sha.

8/ A 2024 wani ya fito daga Los Anjeles, uwa da ɗa 229, shi ma ya ga alaƙa da matsalolin ɗabi'a a yara 'yan shekara uku.

9/ Amma fa masu tura muku waɗannan ukun ba sa tura sauran. A Odense ta ƙasar Denmak an bi uwa da ɗa fiye da 800, inda fuloraid ɗin ruwa ƙasa yake, ba a ga wata raguwa ba. A yankin Gifuzkowa na Sifen kuwa abin ma juyewa ya yi: yara mazan da uwayensu suka fi fuloraid su suka fi maki. Wanda ya nuna maka na Kanada ya ɓoye na Sifen, ba ilimi yake so ka samu ba, tsoro yake sayar maka.

10/ Me ya sa sakamakon ke cin karo? Duk waɗannan binciken na bibiya ne. Ba wanda zai raba mata masu ciki gida biyu ya ba rabi fuloraid don ya ga abin da zai faru. Sai dai a lura, sannan a yi ƙoƙarin cire tasirin talauci, karatun uwa, shan taba, dalma, da sauransu ta hanyar lissafi. Shi kansa awon fitsarin yana hawa yana sauka: idan mace ta sha shayi awa biyu kafin ta ba da fitsari, lambar za ta canja.

11/ Sannan maki uku ko huɗu ba abin da za ka gani a fuskar yaro ɗaya ba ne. Ba za ka kalli ɗanka ka ce ga inda aka rage masa ba. Inda abin yake da nauyi shi ne idan gari guda ne aka ja kowa baya da maki ukun: masu hazaƙa sosai su ragu, masu fama da karatu su ƙaru.

12/ A watan Agusta 2024 shirin nazarin guba na gwamnatin Amurka, NTP, ya fitar da rahoton da aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kansa. Abin da ya ce: da matsakaicin tabbaci, fuloraid sama da 1.5 yana da alaƙa da raguwar kaifin basirar yara. Game da 0.7 kuwa ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba. Wata guda bayan haka wani alƙali a Kalifoniya, Edward Chen, ya umarci hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ɗauki mataki. A 2025 jihohin Yuta da Fulorida suka hana zuba shi a ruwan famfo.

13/ Yanzu ga abin da ya sa na buɗe zaren nan. Rigimarsu a kan 0.7 ce. Abu ne da su da hannunsu suke zubawa, da na'ura mai awo, kuma ranar da suka ga dama sai su kashe ta. Mu ba mai zuba mana komai a bohol. Namu daga dutse yake fitowa, ba mai daidaita shi, kuma akwai wuraren da ya ninka 1.5 sau biyu, sau uku. Wato ɓangaren da masana suka fi samun daidaito a kai, na sama da 1.5, shi ne namu. Mu kuma mun bar shi muna ta musu a kan makilin.

14/ Wanda ke ganin ina ƙari ne ya tambayi mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi ta kamfanin ruwa na gwamnati. Murna aka yi, an rabu da jan guga. Aka shafe shekara goma sha wani abu ana sha. Fuloraid ɗin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku.

15/ Dubban yara abin ya shafa. Haƙora suka yi ja suna gutsurewa, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe, ƙafafu suka gwame, wasu tafiya ta gagare su. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, da takwararta ta duniya, FIDH, suka shiga maganar, aka fitar da rahoto a 2002. Yaran nan da yawansu tun suna ciki uwayensu ke shan wannan ruwan, aka haife su aka ci gaba da dama musu kunu da shi. Hausawa ne irinmu, ba a wata nahiya abin ya faru ba.

16/ A Najeriya an daɗe da rubuta matsalar a Langtang ta jihar Filato, da Kaltungo da Billiri a kudancin Gombe. A Gana akwai gundumar Bongo, inda har rufe wasu bohol aka yi saboda shi. A arewacin Kamaru akwai Mayo Tsanaga. Ba ko'ina ba ne fa, kada a fahimce ni a baibai: yawancin wuraren da aka auna a Najeriya fuloraid ɗinsu ƙasa yake. Matsalar tsibiri-tsibiri ce. Bohol biyu a gari ɗaya, wannan lafiya lau, wancan ya haura.

17/ Ga kuma zafi. Abin da ke shiga jiki ba lambar lita kaɗai ba ce, har da yawan litar da aka sha. Mu yi lissafin 'yan firamare. Mace a Kanada ta sha lita 2 ta ruwa mai 0.7, ta sha miligiram 1.4. Mai ciki a watan Afrilu a ƙasarmu ta sha lita 4 ta ruwa mai miligiram 2, ta sha 8. Ba a ma lissafa tuwo da miya da koko da aka dafa da ruwan ba.

18/ Bari in dawo gida. Yayata tana aure a ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwan. Da na je hutu na lura da wani abu a gidan surukanta: manya haƙoransu farare tas, in ka cire masu cin goro. Amma 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, kusan duk wanda ya yi maka murmushi sai ka ga ɗigo-ɗigon fari kamar alli, ko ja-ja a haƙoran gaba. Ana ta yi musu faɗa wai ba sa goge baki. Ba datti ba ne. Tabon a cikin haƙorin yake tun yana ginuwa, ko asuwaki ɗari ka ƙarar ba zai fita ba.

19/ Na tambayi yaushe aka haƙa bohol ɗin unguwar. Shekara goma sha uku ko sha huɗu, in ji mijinta. Wani ɗan siyasa ne ya haƙa, har yanzu allon sunansa na nan jikin tankin. Kafin nan rijiyar bayan masallaci kowa ke sha.

20/ Na ɗebo ruwa a robobi uku masu tsabta: na bohol, na tsohuwar rijiyar, da na ledar da ake sayarwa a bakin kasuwa. Na kai wa mai kula da ɗakin gwaji na sashenmu, bawan Allah, na roƙe shi. Akwai wata 'yar na'ura mai sanda da ake tsomawa a ruwa bayan an zuba masa wani ruwan haɗi, ita ke karanta fuloraid. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Na bohol ya haura 1.5 da tazara. Muka sake, ya sake haurawa. Na rijiyar yana ƙasa sosai. Na ledar ma yana ƙasa.

21/ Awa ɗaya, jama'a. Shekara goma sha uku ana sha, awa ɗaya ta isa a sani.

22/ Na kira Yaya na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wata biyar ɗin da na riga na sha fa?" Wallahi wannan tambayar ta fi duk takardun da na karanta nauyi. Na ce mata, "Yaya, binciken nan lissafin jama'a ne, ba hukunci a kan ɗanki ba. Maganar maki kaɗan ake, a matsakaici, kuma ba kowane yaro ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa a wata biyar, har bayan haihuwa ana kan aikin. Abin da ya rage yana hannunmu." Ta ce, "Kai dai ɗan boko, Allah ya sa." Na ji muryarta ba ta gama sakewa ba.

23/ Inda aka sha daga shi ne wajen Hajiya, surukarta. Da maganar ta kai mata cewa ta yi, "Ni tara na haifa a gidan nan, wanne ne ya zama dolo?" Ban ja da ita ba, ba hurumina ba ne. Da na koma na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya, lokacin da kuke ɗauke da cikin su Yaya, wane ruwa kuke sha?" Ta ce na rijiya mana, wane bohol ne a lokacin. Na ce to shi ne kawai nake roƙo a koma wa, na sha da na girki, har ta sauka ta yaye. Ta kalle ni ta ce za ta yi magana da ɗanta.

24/ Abu na farko da kowa ya ce shi ne a riƙa tafasa na bohol ɗin. A'a. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Fuloraid ba ya tashi da tururi, ruwan ne ke raguwa shi ya zauna, sai ma ya ƙara kauri. Tacewa da ƙyalle ko jefa ɗan alam a randa don laka ta kwanta, su ma ba sa magance shi. Akwai wata dabara ta Indiya, Nalgonda, da ke amfani da alam da farar ƙasa, amma da awo ake yinta gwargwadon ruwan, ba da ka ba. Gawayin ƙashi na cire shi, haka na'urar tace ruwa ta RO da wasu masu ruwan leda ke amfani da ita. Ruwan sama kuma kusan ba shi da fuloraid.

25/ Amma don Allah a ji wannan da kyau: kada mai ciki ta rage shan ruwa saboda zaren nan, kuma kada ta gudu daga bohol ta faɗa ruwan kududdufi. Kwalara da taifot ba sa jiran shekara shida su nuna kansu a gwajin basira, a mako guda suke kayar da mutum. Ruwan rijiya ko na sama, shi ne wanda za a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin. Haka Yaya ke yi yanzu.

26/ Shayi. Ganyen shayi na cikin tsirran da ke zuƙo fuloraid daga ƙasa su tara, tsofaffin ganye sun fi. Masu binciken Kanada sai da suka sa shi a lissafinsu. Kofi ɗaya da safe ba abin tashin hankali ba ne. Amma mai ciki da ke shan baƙin shayi mai kauri safe da rana da dare, an kuma dafa shi da ruwan da ya riga ya haura, tana tara biyu ne a wuri ɗaya.

27/ Kanwa ma na ta yi mini yawo a rai. A Tanzaniya akwai 'yar'uwarta, magadi, da ake kwasowa daga bakin tafkuna ana sa wa a girki, kuma an same ta da fuloraid mai yawa har aka danganta ta da jan haƙori a wasu ƙauyuka. Tamu ma daga busassun tafkuna take zuwa, ga ta a miyar kuka, ga ta a kunun mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi magana a kan kunun kanwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, duk da can gishirinta ne abin dubawa. Idan Allah ya kai ni aji huɗu, auna fuloraid a kanwar kasuwanninmu nake so ya zama aikina na kammalawa.

28/ Makilin kuwa, a bar wa mai ciki abinta. Aikinsa a saman haƙori yake, gogewa ake a tofar, ba haɗiyewa ba. Ciki na sa dasashi kumburi da zubar jini, wadda ta daina goge baki saboda saƙon WhatsApp ta jawo wa kanta wata matsalar a banza. Abin da ba shi da amfani shi ne mai ciki ta sha ƙwayar fuloraid don haƙoran jariri su yi ƙwari. An gwada, ba a ga ya kare komai ba.

29/ Wani abin daɗi: nonon uwa fuloraid ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, ko da uwar na zaune inda ruwa ya haura. Jiki ne ke tacewa. Jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan bohol mai fuloraid shi ke kwasar kaso mai yawa, ga shi ɗan mitsitsi, duk abincinsa ruwan ne. Shayar da nono zalla wata shida da ake ta faɗa a wajen awo, ga wani dalilin nata.

30/ Da na ambaci awo, abin da ke ba ni haushi ke nan. Yaya na zuwa awo ba fashi. Ana gwada jininta, ana auna hawan jini, ana ba ta maganin ƙarin jini da na maleriya, duk daidai. Ba a taɓa tambayarta ruwan ina take sha ba, a garin da ma'aikaciyar da ke duba ta tana ganin haƙoran yaran da ake riƙowa kullum. Ban ga laifinta ba, ba ya cikin katin da aka ba ta ta cike.

31/ Masu haƙa bohol kuma, ɗan siyasa ne, ƙungiya ce, ko mai neman lada ya haƙa wa mahaifinsa da ya rasu, Allah ya ba su ladan niyya. Amma ana kashe miliyoyi a haƙa, a sa tanki, a sa sola, a yi fenti, a rubuta suna, a kira mai hoto. Kuɗin gwajin ruwan bai kai kuɗin allon ba. Da ruwa ya fito fari sai a yi kabbara a watse. In kuna da hannu a wani aikin bohol, ku nemi takardar gwaji, ku duba ko akwai layin fuloraid a ciki, don wasu gwaje-gwajen a ƙwayoyin cuta kawai suke tsayawa.

32/ Yanzu dai mijin Yaya ya yi yarjejeniya da wani mai kura, jarka huɗu daga rijiya kullum, na sha da girki. Wanka da wanki da na bohol ake yi, ba komai a wannan. Hajiya ta amince, amma ta ce ita nata shayin da na bohol za a ci gaba da dafa mata, ya fi daɗi. Matsalar ita ce rijiyar na ja baya idan rani ya yi nisa, kuma haihuwar a tsakiyar zafi za ta faɗo, in sha Allah. Muna lissafin kuɗin ruwan leda na wata biyu.

33/ Maƙwabtansu uku sun ji labari sun aiko da nasu robobin, biyu daga ciki matansu na da ciki. Suna nan ƙarƙashin gadona a hostal. Mai ɗakin gwajin ya ce ruwan haɗin nan ya kusa ƙarewa, ragowar na 'yan aji huɗu ne, sai dai in zo ranar Laraba da sassafe mu ga abin da zai isa.